Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ikkilisiyoyi: Ƙudurorinmu Suna Kwance a Takarda

Zuwa ga bishop-bishop, fastoci, limamai da dattawan ikkilisiyoyi na kowace ɗariƙa,

Iyayenmu cikin Ubangiji, alheri da salama su tabbata a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu.

Ni ba fasto ba ne, ban kuma shiga makarantar tauhidi ba. Ɗan ikkilisiya ne ni da ya yi shekaru yana riƙe da alƙalami a tarurrukan haɗin gwiwa na ɗariƙu, wanda yake zama a gefen tebur yana rubuta abin da aka faɗa da abin da aka yanke. Daga wannan kujera mutum yakan ga abin da mai wa'azi a kan bagade ba lallai ne ya gani ba, domin shi mai rubutun ne yake komawa ga takarda bayan kowa ya watse. Ina roƙon ku karɓi wannan wasiƙa a matsayin maganar ɗa ga iyayensa. Na zaɓi in rubuta ta a fili ne saboda al'amarin ya shafi kowane mai bi, tun daga wanda yake sanye da rigar limanci har zuwa wanda yake share majami'a ranar Asabar da yamma.

Kwanakin baya na buɗe kabad ɗin da nake ajiye littattafan bayanan taro domin neman wani ƙuduri, na kuwa same shi a cikin mafi tsufansu, takardar har ta soma canza launi. An rubuta cewa ikkilisiyoyin da suka hallara za su kafa asusu guda domin gwauraye da marayu, ba tare da duba ɗariƙar kowa ba. Ina tune da ranar sarai. An miƙe tsaye, an riƙe hannun juna, an rera waƙa, wasu daga cikin manyanmu har da hawaye. Da na ci gaba da buɗe littattafan shekarun da suka biyo baya, sai na tarar da ƙudurin nan har sau huɗu, kalmominsa sun ɗan sauya amma ma'anar tana nan, kuma a duk wuraren babu sunan wanda zai aiwatar, babu ranar farawa, babu inda kuɗin zai fito.

A tsakanin waɗannan shekaru ne wata gwauruwa ta zo da 'ya'yanta biyu ta tsaya a ƙofar ofishin wata majami'a, ina zaune a ciki. An tambaye ta katin zama 'yar ikkilisiya, ta zaro shi daga tsakanin shafukan Littafi Mai Tsarki da take rungume da shi, aka duba, aka ce mata ai ita ba tamu ba ce, ta koma wajen nata. Ta mayar da katin inda ta ɗauko shi, ta yi godiya da ladabi, ta kama hannun ƙaramin yaron suka fita. Ban ce uffan ba a ranar, alhali da hannuna na rubuta wancan ƙuduri. Nauyin shirun nan yana cikin abin da ya sa nake rubuto muku yau.

Kun fi ni sanin addu'ar da Ubangiji ya yi a daren da aka bashe shi, wadda take a Yahaya sura 17. Ya roƙa wa almajiransa da waɗanda za su ba da gaskiya ta wurin maganarsu cewa dukansu su zama ɗaya, ya kuma faɗi dalili: domin duniya ta gaskata Uba ne ya aiko shi. Ke nan haɗin kan da ya roƙa abu ne da ido zai iya gani, tun da duniya ba ta da hanyar leƙa zukatanmu. Abin da duniya ta gani a ƙofar ofishin nan shi ne shaidar da muka ba ta, ko da kuwa wa'azin da aka yi ranar Lahadi ya faɗi wani abu daban.

Ba na raina bambance-bambancen koyarwa da ke tsakaninmu, ba na kuma roƙon kowa ya saki abin da lamirinsa ya riƙe. Rarrabuwa tsohuwa ce. Manzo Bulus yana da rai mutanen Koranti suka soma cewa wannan na Bulus ne, wancan na Afolos, wani na Kefas, har ya tambaye su ko an rarraba Almasihu ne. Bayan taron Kalsidon na shekarar 451 wasu ikkilisiyoyin Gabas suka kama hanyarsu, a 1054 Roma da Kustantiniya suka yi wa juna hukuncin kora, a 1517 kuma Martin Luther ya fito da batutuwansa 95 waɗanda suka buɗe babin gyaran ikkilisiya a Turai. Sai a watan Disamba na 1965 Fafaroma Paul na shida da Babban Uba Athenagoras na Kustantiniya suka ɗage wancan hukunci na 1054, wato bayan shekara 911. Sai a 1999 Katolika da Lutharan suka sa hannu a birnin Ogsbog na Jamus kan sanarwar haɗin gwiwa game da barata, batun da ya raba su kusan ƙarni biyar. Waɗannan nasarori ne na gaske, ina kuma girmama malaman da suka ƙarar da rayuwarsu a kansu. Amma duk wanda ya dubi tsawon shekarun nan zai gane cewa gwauruwar da ke tsaye a ƙofa ba za ta iya jira sai an daidaita tauhidi ba.

Magabatanmu sun hango haka. A shekarar 1952, a garin Lund na ƙasar Suwidin, wakilan ikkilisiyoyi suka jefa wa kansu wata tambaya da ta zama sananniyar ƙa'ida daga baya: shin bai kamata ikkilisiyoyi su riƙa yin komai tare ba, ban da abin da zurfin bambancin bangaskiya ya tilasta musu su yi shi daban? Mu kuwa mun kifar da ƙa'idar. Muna yin komai daban, sai abin da tsoro ko masifa suka tilasta mana mu yi tare. Idan aka taɓa mu, nan da nan mukan tuna mu jiki ɗaya ne, a kira taron gaggawa, a fitar da sanarwa. Da ƙura ta lafa kowa ya koma harabarsa ya rufe ƙofa. Ina so a gaya mini wace aya ce ta bangaskiya take hana ɗan Baptis da ɗan Katolika su biya wa maraya ɗaya kuɗin makaranta, ko ta hana 'yan Angilikan da 'yan Fentikos su ɗauki ma'aikaciyar jinya guda ta riƙa zagaya tsofaffinsu. Na nema ban samu ba.

A duk lokacin da aka yi maganar wahayi a taronmu, wani yakan karanta Habakuk 2:2, inda aka umarci annabi ya rubuta wahayin a fili a kan alluna domin mai karantawa ya yi gudu. Rubutun mun yi shi, mun ma maimaita. Gudun ne ya rage, kuma a nan nake roƙon ku sake zama da littafin Nehemiya, ku karanta shi kamar yadda ake karanta rahoton aiki.

Nehemiya mai shayar da sarki Artashate ne a fadar Shushan. A shekara ta ashirin ta sarautar sarkin, ɗan'uwansa Hanani ya kawo masa labarin cewa garun Urushalima a rushe yake, ƙofofinta kuma an ƙone su. Ya zauna ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a, kuma daga watan Kisle da ya ji labarin zuwa watan Nisan da ya yi magana da sarki, wajen wata huɗu ne. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne abin da ya fito da shi daga watannin addu'ar nan. Da sarki ya tambaye shi tsawon lokacin da tafiyar za ta ɗauka, ya yanka masa lokaci. Ya nemi wasiƙu zuwa ga masu mulkin Hayin Kogi domin su bar shi ya wuce, ya kuma nemi wasiƙa zuwa ga Asaf mai lura da kurmin sarki domin katakon ƙofofi. Mutumin da ya san sunan mai tsaron daji tun kafin a tambaye shi, ya yi addu'a ne idonsa a kan aikin. Da ya isa Urushalima kuma bai kira taro ba. Ya yi kwana uku, sa'an nan ya tashi da dare da mutane kaɗan ya zagaya garun, har ya kai inda tulin ɓaraguzai ya hana dabbar da yake kai wucewa. Sai da ya gani da idonsa ya tara jama'a ya ce su zo su gina.

Sura ta uku ita ce wadda yawancinmu muke tsallakewa saboda yawan sunaye, ni kuwa a ganina ita ce zuciyar littafin. Eliyashib babban firist da 'yan'uwansa suka fara daga Ƙofar Tumaki. Uzziyel maƙerin zinariya ya kama nasa sashe, kusa da shi Hananiya mai haɗa turare, mutanen da sana'arsu ba ta da alaƙa da gini. Shallum mai mulkin rabin yankin Urushalima ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. Malkiya, wanda shi ma mai mulki ne, shi ya gyara Ƙofar Juji, bai ce ta yi masa ƙasƙanci ba. Wasu firistoci kowa ya gyara daura da gidansa. Kalmar da take ta maimaituwa a surar ita ce "kusa da shi", domin garu ba ya da amfani idan sashe bai haɗu da sashe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Littafin bai ɓoye waɗanda suka noƙe ba: manyan mutanen Tekowa sun ƙi sa wuyansu ga aikin, aka rubuta haka, talakawansu kuwa suka gama sashensu suka ƙara da wani. Cikin kwana 52 aka kammala garun. Ku kwatanta wannan sura da littattafan da ke cikin kabad ɗina. A can kowane taku na garu yana da sunan mutum a jikinsa, a nan kuwa "za a yi" kawai aka rubuta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci, wanda ba zan iya wuce shi ba. Ana tsakiyar aiki, Sanballat da Tobiya suna barazana daga waje, sai kuka ya tashi daga cikin gida. Talakawa suka ce sun jinginar da gonakinsu da gidajensu saboda yunwa da haraji, har 'ya'yansu sun zama bayi, kuma a hannun 'yan'uwansu Yahudawa. Nehemiya bai ce a yi shiru kada abokan gaba su ji ba, bai kuma ce a bari sai an gama garu ba. Ya tara manyan ya tsawata musu, ya sa suka mayar da gonakin a ranar, ya rantsar da su a gaban firistoci, shi kansa kuma shekara goma sha biyu bai karɓi abincin da ya cancanci mai mulki ba. Iyayenmu, sau da yawa kiran haɗin kai a bakinmu yana nufin ƙanana su yi shiru. Ƙaramar ikkilisiya tana ganin babba tana kwashe mata mambobi, faston ƙauye yana wata da watanni ba a biya shi ba alhali ana gine-gine a hedikwata, mata su ne mafi yawa a kujerun sujada amma ba su da kujera a inda ake yanke shawara, matasa kuma ba a tuna da su sai za a jera benci. Waɗannan mutane ba za su ɗauki dutse da zuciya ɗaya ba muddin ba a saurari kukansu ba.

Manzanni sun nuna yadda ake yi. A Ayyukan Manzanni sura 6, Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu a rabon kowace rana. Sha biyun ba su musa ba, ba su kuma kira shi tawaye ba. Sun ce jama'a su zaɓi mutum bakwai, aka zaɓa, kuma dukan bakwai ɗin, daga Istifanus da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, sunayen Helenanci gare su. Ga dukkan alamu ɓangaren da ya yi kuka shi aka damƙa wa rabon. Wannan ya fi ban haƙuri nauyi, domin ya ƙunshi sakin iko. Abin da Luka ya rubuta nan take bayan haka shi ne maganar Allah ta yi ta yaɗuwa.

Na san abin da yake hana mu, domin na sha jin sa bayan an tashi taro, lokacin da ba na rubutu. Ana tsoron satar tumaki, ana tambayar sunan wa za a rubuta a jikin allo, kuma sama da kome ana tambayar wa zai riƙe kuɗi. Wannan ta ƙarshe tambaya ce mai kyau, kuma Bulus ya riga ya amsa ta. Lokacin da yake tara gudummawa daga ikkilisiyoyin al'ummai na Makidoniya da Akaya domin matalautan tsarkaka na Urushalima, mutanen da harshe da al'ada suka raba su, ya tsara cewa kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako, ikkilisiyoyi su zaɓi amintattunsu su raka kuɗin, ya kuma faɗa a fili cewa yana yin haka ne domin kada kowa ya sami abin zargi. Manzo guda bai yarda ya riƙe jaka shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 kuma, ya tuna wa mutanen Koranti cewa tun bara su ne suka fara nuna niyya, ya ce to yanzu su ƙarasa, domin cikawar ta yi daidai da ɗokin farko. Su shekara ɗaya suka yi jinkiri aka rubuta musu.

Tarihin baya-bayan nan ma bai bar mu babu misali ba. A watan Mayu na 1787 mutum goma sha biyu suka zauna a wani shagon ɗab'i a Landan suka kafa kwamitin yaƙi da cinikin bayi. Tara daga cikinsu 'yan Kweka ne, uku 'yan Angilikan, ɗariƙu biyu da ba su yarda da juna ba a kan baftisma, ko Jibin Ubangiji, ko limanci. 'Yan Kweka suna da tsari da juriya amma doka ba ta ba su damar zama a majalisa ba, 'yan Angilikan kuwa suna da hanyar shiga. Thomas Clarkson ya bi tashoshin jiragen ruwa na Biristol da Libaful yana tambayar matuƙa, yana tattara sarƙoƙi da maruruwa a matsayin shaida, William Wilberforce kuma ya yi ta kai batun gaban majalisa ana kayar da shi yana komawa, har aka haramta cinikin a 1807. Shekara ashirin suka yi a kan abu ɗaya, duk da bambancin ɗariƙa. Haka nan a Montgomeri ta Amurka, daga Disamban 1955, ikkilisiyoyin baƙar fata na Baptis da na Methodis suka riƙe ƙauracewa motocin haya saboda wariyar launin fata har kwana 381, kuma abin da ya riƙe su bayan wa'azin Martin Luther King shi ne jadawalin motocin da suke kai mutane wurin aiki kowace safiya.

Saboda haka roƙona gare ku ƙarami ne, kuma da gangan na ƙanƙanta shi. Kada ku rubuta mana sabon wahayi a taronku na gaba. Ku sa magatakarda ya ɗauko tsofaffin littattafai ya karanta da ƙarfi duk ƙudurorin da aka yanke ba a cika ba, ku daure ku saurara har ƙarshe, sa'an nan ku zaɓi guda ɗaya tak wanda babu koyarwar da ta hana kowa shiga cikinsa. Kafin a yanke kome, ku fita da kanku ku zagaya kamar yadda Nehemiya ya yi, ba da ayari ba, ku shiga gidajen waɗanda abin ya shafa ku ji daga bakinsu. Bayan haka a raba aikin sashe-sashe, kowace ikkilisiya da nata gwargwadon ƙarfinta, a rubuta sunan mutum da rana a gaban kowane sashe. Kuɗin ya kasance a hannun mutane daga ɗariƙu daban-daban, mata da matasa a cikinsu, ƙananan ikkilisiyoyi kuma su sami kujera ta gaske, a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a a kowace majami'a da ta sa hannu. Wanda ya cika a faɗa, wanda bai cika ba shi ma a faɗa cikin ƙauna, kamar yadda aka rubuta labarin manyan Tekowa. Allon da za a kafa kuwa, idan har ya zama dole, kada ya ɗauki sunan ɗariƙar kowa.

Akwai kuma wani abu guda da ba ya bukatar taro ko asusu, wanda kowannenku zai iya yi a wannan mako. Ku umarci masu zama a ofisoshin majami'unku cewa duk mabukacin da ya tsaya a ƙofa, a fara tambayar sa abin da ya kawo shi kafin a tambaye shi kati. Yaƙub ya rubuta cewa idan ɗan'uwa ko 'yar'uwa ba su da sutura ko abincin yini, aka sallame su da fatan alheri kawai, babu abin da aka amfana musu. Na ga an yi haka a gabana, na ga yadda matar nan ta mayar da katinta cikin Littafin da ya hana a yi mata abin da aka yi mata.

Ba ku kaɗai nake ɗora wa nauyi ba. Mu da muke zaune a benci muna da namu laifin, domin mu ne muke yi wa 'ya'yanmu gargaɗi game da majami'ar da ke tsallaken hanya, mu ne kuma muke auna girman fastonmu da girman gininsa. Amma ku aka ba sandar kiwo, kuma inda kuka taka nan za mu taka. Idan kuka kira mu ga sashe ɗaya na garun, da sunanmu da ranarmu, za ku tarar da maƙera da masu turare da 'yan mata irin na Shallum suna jira tun tuni.

A taro mai zuwa zan zo da tsohon littafin nan, na riga na sa alama a shafin. Idan kun ba ni izini zan karanta ƙudurin gwauraye da marayu kamar yadda aka rubuta shi tun farko, ina kuma roƙon kada a rufe taron da addu'a sai an cika gurbin suna da na rana da na bari a ƙarƙashinsa.

Naku cikin Almasihu,
Ɗanku, magatakardan taron haɗin gwiwa